Ranar da Isaka Bai Ce a Sha Ruwa Ba

Duk baƙon da ya taɓa shiga taksin Isaka a Yamai ya sha jawabinsa. Ba ya tada mota sai ya yi shi. Zai juyo ya dafa kan kujera, ya ce wa mutum garin nan rana ba ta wasa, ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishirwa ba, ka sa hula. Idan rana ta take tsaka ka nemi inuwa ka zauna, ko waye ke kiranka ya jira la'asar. In ka ga zufa ta tsaya maka alhali rana na dukanka, ka faɗa mini nan take, don wannan ba gajiya ba ce. In ka iske mutane ka gaishe su kafin ka tambayi hanya. Sai ya rufe da wadda ya fi jaddadawa: kada ka ɗauki hoton kowa sai ka tambaye shi.

Direbobin da suke tsayawa tare da shi a Gaweye, kusa da otel-otel ɗin bakin gulbi, sun daɗe da sa masa suna Lokotoro, wato likita. Shi bai damu ba. Yana da wani bido, wato jarka, na ruwa da yake naɗewa da jiƙaƙƙen buhu a bayan mota, kullum da sanyinsa, na baƙi ne. Masu gadin otel sun san halinsa, shi ya sa in baƙo ya nemi wanda zai zagaya da shi gari, Isaka suke fara kira.

Bara, lokacin sanyi, aka haɗa shi da wani saurayi mai suna Faisal. Ubansa ɗan Damagaram ne, amma shi a Faransa aka haife shi, can ya girma. Hausarsa ta cikin gida ce, wadda ya tsinta a bakin uwarsa, yana yi yana cusa mata Faransanci. Sana'arsa ɗaukar bidiyo da waya yana sakawa a intanet mutane suna kallo. Yaro ne mai fara'a, mai yawan dariya, har Isaka ya saki jiki da shi ya yi abin da bai saba yi wa baƙo ba. Ya kai shi Saga, gidan yayarsa Kadi.

Kadi ita ta riƙe Isaka tun rasuwar uwarsu. Mijinta Tanimu manomin shinkafa ne, ita kuma tana kai kopto, wato kwaɗon zogale, da soyayyen kifi kasuwar Wadata. Ranar ta soya wa baƙon kifi, ta kwaɗa masa zogale, ya ci har yana lasar yatsa yana kiranta Tanti. Da yamma ta sauka bakin gulbi wanki. Ruwa ya ja mata roba, ta bi ta da gudu, santsi ya kwashe ta ta faɗi cikin laka, zanin da ta ɗaura a ƙirji ya kwance. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba ta tattare jikinta. Ba wanda ya lura Faisal na tsaye bisa tudu da waya a hannu.

Sai da ya koma ƙasarsu abin ya fito. Ya sa masa kiɗa, ya maimaita faɗuwar, ya ƙara muryar dariya. Bidiyon ya zagaya duniya ya dawo Wadata, ya shiga wayar masu turin kura da teloli da ƴan kaba-kaba masu haya da babur. Kadi ta je kasuwa ta iske ana kallonta ana danne dariya. Wani ya ce mata, "Tanti, yau an ɗaure zanin da kyau?" Ta ɗauki robarta ta koma Saga da kifinta bai ƙare ba. Tun daga ranar ba ta sake taka Wadata ba. Wanki ma a cikin gida take yi, da ruwan da Tanimu ke ɗebo mata.

Isaka ya aika wa Faisal murya a waya, yana roƙonsa ya cire. Amsar ta zo da dariya a cikinta. "Haba mon frère, wasa ne fa. Ai na sa Tanti ta yi suna, ka gaishe ta."

Isaka ya kashe wayar. Amma duk ranar da ya je Saga ya ga yayarsa zaune a tsakar gida, mace mai baki da a da in tana ciniki har layin ƴan tumatir ake jin muryarta, yanzu ta koma magana ƙasa-ƙasa, sai haushin ya dawo masa sabo.

Ana nan, cikin tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya hawa katanga da rana, wayarsa ta yi ƙara.

"Lokotoro! Ni ne, Faisal. Na dawo. Gobe kana da lokaci?"

Isaka ya leƙa waje ya dubi ranar. Sannan ya ce, "Ina da shi."

Bai yi niyyar dukansa ba. Shi ba mai faɗa ba ne, ko a tasha ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Abin da ya ƙudura kawai shi ne ya rufe bakinsa. Yaron nan lokacin sanyi ya san Yamai, bai san ta bazara ba. To gobe za su gaisa da ita, ba mai shiga tsakani.

Washegari Faisal bai fito ba sai da hantsi ya dubi ludayi sosai, rana ta fara cizo. Baƙar riga ce a jikinsa mai kama jiki, kai ba hula, hannu ba ko goran ruwa. Ya ce kofi kawai ya sha, ba ya cin abinci da safe. Ya faɗa kujerar gaba yana dariya.

"To Lokotoro, fara huɗubar."

"Ai ka riga ka sani," in ji Isaka, ya tada mota.

Suka fara da Wadata. Isaka ya aje taksi nesa, ya ce ba wurin tsayawa, suka shiga da ƙafa. Ya bi da shi layin da ba rumfa, wajen masu tukwane da kwanoni, inda hasken ƙarfe ke dukan ido. Faisal na ta ɗaga waya, ya haska wannan ya haska wancan, ba sallama ba tambaya. Wata tsohuwa mai daddawa ta rufe fuska da mayafi tana zaginsa da Zabarmanci, shi kuwa dariya yake yi. Isaka ya gaishe ta, ya wuce. Da suka zo gefen da Kadi take zama a da, ya ga wata ce ta baza albasa a wurin. Ya kau da kai. Duk wani ɗan tausayi da ya taso masa da safe, nan ya kwanta.

Masu ruwan leda suna ta giftawa suna kira. Faisal ya sayi guda, ya kurɓi rabi, ya tsiyaya sauran a kai don a gani a bidiyo. Da wata rana ce, da Isaka ya ce masa ya sayi da yawa ya riƙe. Yau sai ya ce, "Mu je gada, yanzu hasken ya fi kyau."

Suka taka gadar Kennedy da ƙafa, rana tana tsakar ka. Kwalta na tururi, ƙarfen gefe ba ya taɓuwa. Gulbin ya ja baya, yashi ya fito fari fat. Isaka ya naɗa rawaninsa, yana tafe a hankali. Da suka dawo mota ya ce zai duba taya, ya zagaya baya, ya buɗe but, ya kafa kai a bidon nan ya sha ya ƙoshi. Ya goge baki ya rufe.

"Kai, akwai zafi," in ji Faisal. Fuskarsa ta yi jajir, rigar ta manne masa. "Kaina na sarawa. Ba ka da ruwan nan naka?"

"Yau na manta shi."

"Lokotoro ya manta ruwa? Duniya ta tashi."

"Mu je Saga. Shinkafa ta yi kore, za ka samu abin ɗauka. Can sai mu sha."

"Wajen Tanti! Tana fushi da ni har yanzu?"

"Za ka gani da idonka."

A Saga ma bai shiga gari ba. Ya tsaya can bakin fadama, ya ce ta cikin gonaki hanyar ta fi kusa. Ƙarya ce. Suka hau kunyar da ke tsakanin gonakin shinkafa, ƴar siririya, ba itace ko ɗaya. Manoma duk sun tashi sun nemi inuwa, ba kowa sai balbelu. Ruwan gonakin ya ɗumame, zafi na tasowa daga ƙasa yana sauka daga sama.

Da fari Faisal na magana da wayarsa, yana nuna kore. Can ya daina. Ya fara jan ƙafa.

"Mon frère, da saura?"

"Gaba kaɗan."

Isaka na gaba, yana jin takunsa a baya yana rikicewa, kuma wallahi daɗi yake ji. Yana tuna muryar nan da ta ce wasa ne fa. Yana tuna Kadi da kwanon kifi a cinya tana kallon ƙasa. Ya ce a ransa, sha, ɗan Faransa, wannan ma wasa ne.

"Isaka... tsaya... ƙasar na juyawa."

Ya waiga. Faisal ya miƙa hannu kamar mai lalube cikin duhu, ya taka gefen kunya, ƙafar ta zame. Ya tafi gaba ɗaya cikin gonar, laka ta fantsama. Ya yunƙura zai tashi, wandon ya cika da taɓo ya zame masa har gwiwa, ya sake kifewa.

Isaka ya ciro wayarsa. Ya ɗauke shi bidiyo tsaf, yana rarrafe, laka a baki, yana jan wando da hannu ɗaya. Har ya ji kansa yana cewa da ƙarfi, "A ɗaure wando da kyau, patron!" Ya yi dariya, irin wadda shi kansa bai san yana da ita ba.

Sai da ya ga mutumin ya daina yunƙuri ya sa wayar a aljihu ya sauka. Ya kama wuyansa zai ɗago shi, ya ji fatar kamar gefen tukunya, kuma a bushe. Goshin da ɗazu ke tsiyayar zufa yanzu ba ko ɗigo. Faisal na magana, amma ba Hausa ba ce ba Faransanci ba, yana kiran uwarsa.

Nan tsoro ya kama Isaka. Abin da ya yi shekaru yana gargaɗin baƙi a kai, ga shi a hannunsa, kuma shi ya kawo shi. Ya so yaron ya sha wuya, ya ji kunya, ya yi kuka ma in ta kama. Bai shirya wa gawa ba. Mota ta yi nisa, bidon ruwan na cikinta. Gida mafi kusa na Kadi ne.

Ya saɓa shi a kafaɗa, yana tafe yana tangaɗi, ya faɗa gidan ba sallama.

Kadi na ƙarƙashin rumfa tana tsince shinkafa. Ta dubi ƙanenta, ta dubi abin da ya sauke mata a tabarma. Duk da lakar da ta rufe fuskar, ta gane shi.

"Me ka yi masa?"

"Ban taɓa shi ba, Yaya. Rana ce."

"Rana ce. Kai da kake bin mutane da bido kamar mai shayar da awaki, rana ta kada baƙo a hannunka?" Ta miƙe, tiren shinkafar ya kife. "Gawa ka kawo mini gida, Isaka? Wancan abin kunyar bai ishe ni ba, sai an ce a gidan Kadi ɗan mutane ya mutu? Cire masa kayan nan! Tanimu! Kawo ruwan randa, duka!"

Rabon da Isaka ya ji wannan muryar tun bara. Ko a cikin tsoron da yake, sai da ya lura.

Suka tuɓe masa riga da wando. Kadi ta fizgo zani daga igiya ta tsoma a ruwa ta lulluɓe shi, tana zuba masa a wuya da hammata, Tanimu na fifita da faifai. Ta hana a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo, kada ya shaƙe. Ta aiki Tanimu ya je da moto, wato babur, ya kawo taksin kusa. Maƙwabta mata suka ji hayaniya suka cika ƙofar gida, ana leƙe ana salati.

An jima Faisal ya buɗe ido. Kadi ta dama sukari da ɗan gishiri a kofi, ta tallafi kansa tana ba shi kaɗan-kaɗan. Ya sha, ya yi amai, ya sake sha. A hankali idonsa ya dawo daidai. Ya dubi rumfa, ya dubi matan da ke ƙofa, ya dubi jikinsa. Ba komai a kansa sai jiƙaƙƙen zani mai ruwan goro da zanen kifi. Ya daɗe yana kallon zanin. Ya san shi, shi ne na bidiyon, ya sha kallonsa a wayarsa.

"Tanti," ya ce da ƙyar.

"Ka gane ni ashe. Na ɗauka sai ina kwance cikin laka kake gane ni."

Matan ƙofa suka kwashe da dariya. Faisal ya ja zanin ya rufe ƙirji.

Isaka na tsugune gefe, kunya da sauran haushi sun haɗe masa. Bai san dalili ba, ya ciro wayar ya miƙa wa yayarsa. Ta kalla. Ta sake kunnawa. Da aka zo wajen wandon, kafaɗunta suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata, har tana share hawaye da bakin mayafi. Ta juya wayar ta nuna wa Faisal.

Ya kalli kansa yana rarrafe. Ya rufe ido.

"Tanti, don Allah. Zan cire naki yanzu-yanzu, a gabanki. Wallahi zan cire."

"Cire mana."

Aka goge wayarsa da ta sha laka, ta kama da ƙyar. Ya nemo bidiyon ya share, ya nuna mata.

"To, na wayarka ya fita," in ji Kadi. "Na wayar ƴan kaba-kaban Wadata fa? Na wayar dangin mijina? Wa zai bi su ya cire?"



Ta gyara zama, ta sa Isaka ya nemo mata lambar Zuwera. Zuwera ƙawarta ce mai sayar da yaji a Wadata, wadda in abu ya shiga wayarta da azahar, kafin la'asar ya gama kasuwa. Kadi ta ɗora yatsa a kan wayar, ta dubi baƙon nata.

"Mu nan tambaya muke yi kafin mu yi. Ƙanena ya gaya maka bara, ba ka ji ba. To ni ina tambayarka. In aika?"

"A'a, Tanti. Don girman Allah, a'a. Aikina ke nan, in mutane suka gani..."

"A'a ka ce?"

"A'a."

"Ni ma da ka tambaye ni, abin da zan ce ke nan."

Ta danna.

Faisal ya sunkuyar da kai. Kadi ta miƙa wa Isaka wayarsa, ta ɗebo wata rigar Tanimu da wando ta aje gaban baƙon.

"Sa waɗannan. Ka bar mini zanina." Ta juya ga ƙanenta, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Kai kuma kai shi likita yanzu, a sa masa ruwa, kada ka tsaya ko'ina. In ka sake wasa da ran ɗan mutane da sunana, kada ka ƙara shigo mini gida. Ni na ce ka kashe mini wani?"

"A'a, Yaya."

"Tashi."

A mota Faisal ya kwanta a kujerar baya, bidon ruwan nan a ƙirjinsa, buhun ya riga ya bushe. Ya dube shi, ya dubi ƙeyar Isaka.

"Ka ce ka manta shi."

"Na ce."

Isaka bai tsaya ko'ina ba sai asibiti. Kwana ɗaya Faisal ya yi aka sallame shi, ya ƙarasa kwanakinsa a ɗakin otel, ya koma inda ya fito.

Bidiyon kuwa ya yi abin da bidiyo ke yi. Ya gama Wadata, ya haura Gaweye. Sai dai ba fuskar Faisal kaɗai mutane suka gane ba, sun gane muryar da ke cewa a ɗaure wando. Direbobi suka daina ce masa Lokotoro, suka koma ce masa Patron, in ya wuce ana kama ƙugu. Masu gadin otel suka ɗauke masa kai. Wani dattijo a cikinsu ya gaya masa a fili, ba zai damƙa baƙo ga mutumin da ke tsayawa ɗaukar hoto alhali baƙonsa na kwance ba. Isaka bai yi musu ba. Ya koma ɗaukar fasinjan gari, daga wannan unguwa zuwa waccan.

Ran nan ya sauke wata mata da buhun gawayi a bakin Wadata. Yana ƙoƙarin juya mota cikin cunkoson kura da moto, sai ya ji murya ta taso daga cikin kasuwa, ta haye ta kowa.

"Kai mai albasa, matsa mini! Wurin nan da mai shi! Kopto da kifi, a zo a saya!"

Wani ɗan kaba-kaba ya ɗaga murya, "Tanti, ina ɗan Faransa?"

"Yana can yana neman bel! Kai ma in ba ka kiyaye ni ba, gonar tana nan!"

Isaka ya kashe mota a inda yake, ana ta yi masa oda a baya. Ya zauna yana saurare har ta sayar wa mutum biyu ko uku. Sannan ya fita ya buɗe but, ya taɓa buhun da ke jikin bidon, ya ji ya fara bushewa. Ya tsiyaya masa ruwa ya jiƙe, ya rufe, ya shiga ya tada mota.